Yarinyar da Ta Tayar da Malama Tsaye

Malamar aji biyar ta tsufa a gaban allo ɗaya. Alli ya busar mata da yatsu, ciwon gwiwa ya hana ta zagaya aji, amma daga kujerarta tana hango mai taunar cingam a layin ƙarshe. Ba ta duka, ba ta kuma lallashi.

Dab da ritayarta aka kawo mata 'yar tela, wadda yara ke kira Na-Gama, don kafin Malama ta ajiye alli yarinyar ta ɗaga hannu. Daga nan sai hamma da kaɗa ƙafa da tsokanar ta kusa. Malama ta yi abin da ta saba, wanda ya gama a ƙara masa irin aikin.

Ba a jima ba Na-Gama ta daina gamawa, amsoshinta suka lalace. Tela ya zo da tef ɗin awo a wuya ya ce in kan ya toshe a ba shi 'yarsa, maɓallai na jiran mai ɗinkawa a shago.

"Ka ɗan dakata," in ji Malama.

Ta sake duba aikin lissafin yarinyar. Hanya daidai, layi bayan layi, sai a amsar ƙarshe a ƙara ɗaya. Kullum ɗaya.

"Zo nan, 'yata. Kuskuren ma ba ki iya ba. Wa kike yi wa wayo?"

"Malama, in na gama ƙara mini kike yi. In na faɗi sai ki ƙyale ni."

"To, hutun da daɗi?"

"Barci nake ji."

Malama ta miƙa mata alli. "Daga yau in kin gama, ki ƙirƙiro tambaya. Ba ta yara ba, tawa. A gaban aji zan amsa."

Ta farko, a zaune Malama ta amsa. "Wannan kika kawo wa kakarki?" Aji ya yi dariya, yarinya ta ciji leɓe. Hamma ta ƙare. Tana gama aiki sai ta duƙufa neman abin da zai kayar da tsohuwa. Ran nan ta kawo wata a kan yankan yadi, sai da Malama ta dafa tebur ta miƙe, ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa, kafin ta ci.

Tela ya ci gaba da ɗinka maɓallansa da kansa.

Yanzu Malama tana gida. In aka tambaye ta yarinyar, sai ta shafa gwiwa ta ce, "Tana nan tana karatu. Ni dai wannan ƙafar ba ta yafe mata ba."