Gyaran Murya

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ƙungiyarmu ta manoman albasa ta ce kowa ya sake rajista, kuma ta intanet. Sunayen suna tafiya wani rumbun bayanai can nesa, ba a garinmu ba. Ni kuwa na riga na ɗauki alkawari cewa na gama dangwala yatsa. Sunana da hannuna zai shiga, ko kuma in haƙura da rajistar, wadda za a rufe ƙarshen mako.

Malaminmu na aji yana da kwamfuta a gidansa a Jega Firchin, da ɗan akwatin intanet mai fitilu da yake kira rauta. Manoma daga Aliero har Liba suka yi ta zuwa, shi yana buga musu, komai na wucewa lafiya. Da na zauna ni, na fara neman haruffa ɗaya bayan ɗaya. Na gama, na danna, allo ya ce hanya ta yanke. Na sake, ta sake yankewa.

Wani abokin wasana, Bafillace, ya leƙo yana dariya. "Kai, ko injin ya san ka tsuhwa! Bar Malam shi buga maka."

"Bari dai, ai ba saniya ta ba balle ka fi ni saninta," na ce masa.

Malam bai kore ni ba. Ya buga rajistar wani manomi da kansa da sauri, ta wuce. Ya buɗe wata sabuwa, ya naɗe hannu muka yi hira, ya danna, ta yanke. Ya cire rautar ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa, muka sake yin jinkirin, ba ta yanke ba.

"Baba, ba hannunka na ba," ya ce. "Akwatin ga, in ya ji shiru ya daɗe tsakaninmu da rumbun, sai shi ɗauka mun tashi, shi rufe ƙofa bai hwaɗa ma kowa ba."

Na ce to ai haka zaure yake. In ka yi sallama aka ce ana zuwa, ka zauna shiru, sai mutanen gida su zaci ka tafi. Shi ya sa baƙo kan yi gyaran murya jifa-jifa.

Malam ya ce akwai irin wannan dabara a cikin kwamfutar, a kashe take kawai. Ya shiga ya kunna ta, ta riƙa aika ɗan saƙon da ba komai a cikinsa kafin akwatin ya gaji da jira.

Na koma kujera. Ban yi sauri ba. Na ɓata harafi na goge, na tsaya neman harafi mai ƙugiya da ke cikin sunan mahaifina har aka kira la'asar. Da na danna, sunana ya fito a allo yadda na rubuta shi.