Bargon Zogalen Baba

Jiya aka ce sanyi zai sauka, sai na tuna marigayi Baba, maƙwabcinmu a Glenwood, nan ƙasar waje. Shekara bakwai yana dasa zogale, shekara bakwai sanyi yana kashe shi. Duk Nuwamba mukan naɗe zogalen da tsohon bargo mai warin kafur, yatsunmu a ƙage.

Na ce, "Baba, ka dasa itacen kameliya mana. Ita cikin sanyi ma take fure."

Ya ce, "Malama, ana kwaɗa ta?"

Da bazara ya dasa ta, don in ƙyale shi. Ga ta yau jawur a ƙofarsa, bai gani ba. Bargon yana wurina, na rasa abin da zan rufe.

Allah ya sauke shi a lambun da itace ba ya buƙatar bargo.