Ciwon da Muka Ɓoye wa Inna

Wata huɗu cur muka kwashe muna yi wa Inna maganin shawara, alhali ba ita ke cin ta ba. Inna mahaifiyar maigidana ce. A Kekun Waje take zaune tun da aka kai ta aure, sai da idanunta suka koma kamar garin ɗorawa sannan aka ɗauko ta zuwa gidanmu a Gusau, wai don a fi kusa da asibiti. Asibitin kuwa ba mu je ba, domin duk wanda ya shigo dubiya likita ne. Wannan ta zo da saiwa ƙulle a bakin zane, waccan ta ce ganyen gwanda, amma wanda ya faɗo da kansa, ba wanda aka tsinka ba. Wani kawunsu ya taso takanas daga Tsafe da jarkar wani baƙin ruwa, ya ce in ta sha ta yi amai to ciwon ne ke fita, in ba ta yi ba to ya mutu a ciki. Ni ce mai dafawa, ni ce mai tacewa, ni ce mai wanke kwanon aman. Allah ya yafe mini, da zuciya ɗaya na riƙa ɗura mata.

Ciwo ko gezau. Fitsarinta kamar shayin da ba a sa wa madara ba, bahayanta kamar farar ƙasa, ga ƙaiƙayin da ya sa ta ajiye totuwar masara kusa da ita tana susa har fata ta yi jini. Sai da zobenta na azurfa ya fara zamewa daga yatsa sannan aka tuna akwai asibiti.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya kira maza ciki, ni da Inna aka bar mu a benci. Da muka dawo gida ina tsintar shinkafa maigidana ya tsuguna ya yi mini bayani a hankali. Akwai wani siririn bututu da ke ɗauko ruwan maɗaciya daga hanta ya zuba a hanji. To, ƙari ne ya fito ya toshe shi, ruwan ya rasa hanya ya koma cikin jini, shi ya rina idanun. Likita na zaton ciwon daji ne, kuma ya ce aikin wurin sai ƙwararru, in da hali a fita da ita waje.

Washegari aka yi taron dangi a zaurenmu. Wan maigidana, wanda muke ce wa Yaya Babba, shi ya shugabanta, don shi ne mai babbar riga da babbar murya. Aka yanke abu biyu. Za a kai ta Masar, kuma ba wanda zai faɗa mata abin da ke damunta. Aka kira ni na durƙusa a bakin ƙofa.

"Musamman ke," in ji shi, "tunda bakinki ne kusa da kunnenta."

Na ce, "Yaya, in ta tambaye ni fa?"

"Ki ce shawara ce ta yi tsanani."

"Ai ƙarya ke nan, Yaya."

"Ta kwantar da hankali ce. Malamai sun halatta."

Waɗanne malamai, bai faɗa ba, ni kuma ban isa in tambaya ba.

Kafin mako ya zagayo duk unguwa ta sani. An roƙa mata lafiya a masallaci, mai kayan miya ya yi mini jaje, har mai kawo mana ruwa ya san sunan bututun. Mutum ɗaya ce a Gusau ba ta sani ba, mai ciwon. Mata sai su tsaya a soro su yi kukansu, su fyace hanci, su shigo suna cewa, "Kai Inna, jiki ya yi kyau!" Ran nan bayan fitar wasu ta dube ni ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin shawarar da aka kuka kanta ga ƙohwa ba." Na ce bari in duba tukunya.

Ni aka zaɓa in bi ta, saboda mace sai mace wajen wanka da bayi. Yaya Babba kuma ya zaɓi kansa, wai shi ke jin Larabci, ya yi Umra sau biyu. Larabcin nan a filin jirgi ya ƙare. Ya gyara murya ya jero wa mai mota wani dogon zance kamar mai huɗuba, mutumin ya saurara da ladabi, ya ce amin, sannan ya miƙo hannu a ba shi takardar da aka rubuta adireshi. A asibiti aka haɗa mu da tafinta, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan, mai Hausa irin ta kakanninmu.

Aka tura Inna cikin wani injin ɗaukar hoto mai kama da rami. Da ta fito ta ce, "Yau na ga kabari da raina, sai dai shi wanga da makaɗa ciki." Bayan kwana biyu aka sa ta barci, aka zura wata igiya mai fitila ta baki, aka gutsuro ɗan naman ƙarin don gwaji, aka kuma saka ɗan bututun roba a wurin da ya toshe don ruwan ya samu hanya. Cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayi ya lafa, ido ya fara washewa, ta nemi tuwo. Yaya Babba ya kira gida yana ta shela an sha kan ciwo, har ya ce a yanka rago.

Sai sakamako ya fito. Likita ya ɗaga hoton yana nunawa da biro, Inna na kwance tana kallo, sannan ya ja mu gefe. Ciwon daji ne, ya riga ya shiga hanta ya naɗe jijiyoyin jini, tiyata ba za ta yiwu ba. Ya tambaye ni yaushe idon ya fara sauyawa. Da na ce wata biyar ke nan, ya ce an makara. Abin da ya rage shi ne wani magani mai ƙarfi da ake ƙarawa ta jijiya, wata da watanni, yana rage wa ciwon gudu amma ba ya kashe shi, kuma yana wahalar da jiki. Ya ce ba zai fara ba sai mai jikin ta sani ta yarda.

Yaya Babba ya matsa kusa da tafinta. "Hajiya, ki ce mata ruwan ƙarin ƙarfi ne kawai."

Ta ce, "Alhaji, ni abin da aka faɗa nake faɗi. In kana son abin da ba a faɗa ba, ai ka ce kana jin Larabci."

Ya fice a fusace. Fushin kuwa kasuwa ya kai shi, sayen jallabiyoyin tsaraba.

Bayan la'asar ina tsefe wa Inna kai ta kama hannuna.

"Ɗiyata, shekara nawa ina gyaran kayan cikin rago? Hanta ce likita ya ɗaga, na gane ta, na kuma ga inda yaka dangwala biro. Na haɗa ki da Allah, mi yac ce?"

Na tuna Yaya Babba, na tuna maigidana da ya roƙe ni kada in ja masa magana. Amma da Allah aka haɗa ni. Na faɗa mata duka, ina faɗi ina kuka, ita ke share mini hawaye da bakin mayafinta. Ta yi salati. Ni na zaci tsoro zan gani. Fushi na gani.

"Ashe tahiya gare ni kunka hana ni shiri. Ina da ƙanwa can garin Bilbis, shekara goma sha ɗaya ba mu magana kan iyakar gonar gado. Haka kuka so in tahi in iske Ubangijina?"

Ana haka Yaya Babba ya shigo da ledoji niƙi-niƙi. Kallo ɗaya ya yi mana ya gane. Ya buɗe baki zai fara da ni, ta katse shi.

"Kai, aje kayanka ka zamna. Ni na haihe ka ko kai ka haihe ni? Uwayena na rufe, mijina na rufe, 'ya'ya ukku na rufe. Sai tawa mutuwar ce ba ni iya ji?"

Da safe ta sa aka kira likita, ta yi tambayoyinta da kanta ta bakin tafinta. Maganin zai warkar? A'a. Zai ƙara kwana? Wataƙila. Ta ce ƙarin kwana na Allah ne, ita dai a haɗa mata maganin zafi, a rubuta wa likitan gida yadda zai kula da bututun, a mayar da ita. Likitan ya ce haƙƙinta ne.

Kwana ɗaya ta yi a Gusau ta ce a kai ta Bilbis. Ƙanwar tana shanya barkono muka yi sallama. Ta ɗago ta ga yadda 'yar'uwarta ta rame, faifan ya suɓuce mata. Ba wanda ya ambaci gona. Na bar su a ɗaki, ina jiyo kuka, can kuma sai dariya. Tare suka koma Kekun Waje, kuma a hannunta Inna ta cika bayan an gama yankan dawa, ta yafe wa kowa, kowa ya yafe mata. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ranar sadakar uku ina tsakar gida, sai na jiyo muryar Yaya Babba daga zaure yana ba masu ta'aziyya labari. Wai tun a Masar ya duba ya ga bai kamata a ɓoye wa tsohuwa ba, shi ya sa ya ba da umarni a faɗa mata. Maza suna ta cewa ya yi hangen nesa, Allah ya saka masa. Na ce amin, na ci gaba da dunƙula gumba.