Ƙwayar Almon a Kumatun Ejnar

Duk ƙarshen shekara sai gidan siliman garin Lemvig na ƙasar Danmak ya maimaita fim ɗin nan na iyalin mai gyaran keke, Thyra kuwa ita ce mai sayar da tikiti. Tun tana budurwa take wannan aikin, har furfura ta cim mata, amma ko sau ɗaya ba ta sake shiga kallonsa ba tun ranar farko. Yo me za ta kalla? Gidansu ne aka kwashe aka zuba a majigi.

Ƙaninta Preben ne ya rubuta shi bayan ya koma Kopenhagen ya waye. Bai bar komai ba: yadda babansu Ejnar ke hira da kekuna, da yadda yake wanka da hular sanyi a kai. Wannan duk Thyra ta yafe. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne zancen almon.

A cin abincin Kirsimeti akan jefa ƙwayar almon guda, mai kama da gyaɗa, cikin kunun shinkafa mai madara, wanda ya tsince ta a kwanonsa shi ke da kyauta. A fim, tsohon yakan tsinta ya ɓoye a kumatu, ya bar iyalinsa suna ta ɗura har ciki ya kumbura, sannan ya fito da ita yana ƙyaƙyata dariyar mugunta. Nan ne 'yan kallo ke faɗuwa daga kujera.

Ƙarya ce tsagwaronta! Shekarar da ciwo ya ci ƙarfin mahaifiyarsu Gudrun, ko cokali biyu ba ta iya haɗiyewa, amma tana son wasan almon kamar yarinya. Shi ne Ejnar ya ɓoye ƙwayar, yana ta lallaɓa ta: "Ƙara ɗaya mana, tana ƙasan kwanonki." Ta cinye kwano guda. Ba ta ga wata Kirsimetin ba.

Thyra ta taɓa tsare Preben a ƙofar silima. "Kai, kana wurin fa. Ka san dalili."

"Haba Yaya, na sani mana," ya ce yana gyara gyalen wuyansa. "To wa zai zo silima ya yi kuka ana biki?"

Tun daga nan yaran gari suka riƙa bin Ejnar suna kumbura kumatu. Bai taɓa tanka musu ba, sai dai ya daina taɓa kunun. Thyra ta ci alwashin ko duk Danmak ta ɗauki ƙaryar, ita da babanta dai sun san gaskiya, wannan ya ishe ta.

Da tsufa ya ruɗa Ejnar aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Wata Kirsimeti ta je gaishe shi, ta tarar an jera tsofaffin gaban talabijin, ga fim ɗin yana yi. Ta yi wuf za ta juya keken guragun da yake kai, ya riƙe mata hannu. Dariya yake har da hawaye.

"Baiwar Allah, tsaya ki ga mugun tsoho," ya ce. "Ko matarsa bai bar wa ba!"

"Baba, ba haka aka yi ba."

"Kin san shi ne?"

Thyra ta goge masa yawun da ya zubo a haɓa. "Na san shi," ta ce. "Ni kaɗai na rage."