Farin Tayil da Ragon Inna

Ni dai tun ina ƙarama ba na jin magana sai na gani da idona. Da na gama karatun likitan dabbobi, kawuna ya ba ni garejin gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi in mayar da shi asibiti, sai kaina ya ƙara kumbura. Ina da ƙawa ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa, duk sanda na je wurinta sai in tsaya ina kallon ƙasan ɗakunansu yana sheƙi. Na ƙudura nawa ma haka zai zama, farin tayil tun daga bakin ƙofa har ƙurya.

Maginin da aka kawo mini wani dattijo ne daga Babban Giji. Ya ɗauki tayil ɗaya ya shafa da tafin hannu, ya dube ni.

"Likita, wannan ai na masu takalmi ne. Kofato ba ya son santsi. Ki bari in yi miki daɓen siminti mai kaushi, in ɗan karkata shi ruwa ya riƙa gangarawa. Kuma a fasa ƙofa ta biyu ta baya, don kare da rago ba sa haɗa hanya."

Na ce, "Baba, asibiti nake ginawa fa, ba turke ba."

Ya ce, "To." Ya shimfiɗa mini tayil ɗina, ƙofa ɗaya, ya kama gabansa.

A bakin layinmu akwai wata tsohuwa mai ƙosai, kowa Inna yake ce mata. Shekara biyu tana kiwon wani farin rago mai baƙin wuya, tun yana ɗan mitsitsi. Ruwan wankin wake nasa ne, dusa tasa ce, harawa kuwa ko ita ba ta ci ba sai ta saya masa. Babu wanda bai ji a bakinta ba cewa bana za ta yi layya, karo na farko a rayuwarta.

Ana saura kwana biyar Sallah ragon ya fara majina, ta jawo shi wurina da hantsi. Lokacin na gama goge ƙasa da ruwan magani ke nan, bai ko bushe ba. A kejin da ke dab da ƙofa kuma akwai karen wani malamin makaranta ɗan Filato, wanda na yi wa ɗinki. Ragon na sa kai ciki, kare ya daka haushi. Rago ya zabura, ƙafafunsa suka tale a kan santsin, sai muka ji ƙas!

Ƙafar baya ce ta karye. Ba wanda ya buƙaci a gaya masa gurguwar dabba ba ta layya. Na ɗora ƙafar, na ce zai warke amma sai bayan wata biyu. Inna ba ta zage ni ba, ni kuwa na so a ce zagin ta yi. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan ragon a cinyarta tana cewa, "Sannu, sannu."

Daga ranar zama ya gagare ni. In shiga in fita, in dafa abinci in manta da shi a kan wuta. Na je na same ta na ce zan kawo mata wani ragon, har na tambayi malamin unguwa ya ce ya halatta ta yi layya da shi.

Ta ce, "Ya halatta, 'yata. Amma ba shi na kiwata ba."

Washegari na tafi Babban Giji da ƙafata neman maginin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya ɗauko gudumarsa kawai muka taho, ni na fara kai wa tayil ɗin duka. Fasassun ma bai bari an zubar ba, da su ya lulluɓe kwatar da ke kai ruwan wanki gindin wata darbejiya da muka dasa. Ya yi daɓe mai kaushi, ya fasa ƙofar karnuka ta baya, ya buɗe tagogi can sama don zafi ya riƙa fita. Ragon muka kwantar da shi a kan yashi a zauren kawu, Inna na kawo masa dusa safe da yamma. Har yau duk ginin da na shiga sai na goga takalmina a ƙasa na ji ko da santsi.

Ranar Sallah da aka yanka ragon gidanmu, na zaɓi cinya guda na kai mata da kaina. Na tarar ta jera ƙananan kwanuka wankakku a bakin ɗakinta, waɗanda ta tanada don rabon nama, duk a kife. Ta karɓi cinyar da hannu biyu ta sa mini albarka, sannan ta dubi kwanukan.

"Tun ina yarinya nake karɓar na mutane, 'yata. Bana ne na so in aika."