Karen amana da ya jefa ni a kwata

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a nan Kontagora, abokina ya zo mini da wata buƙata da har yau in na tuna sai na yi tsaki. Mutumin Salka ne, tare muke aiki, kuma shi ya ba matata jini ranar da haihuwa ta zo mata da gardama. Irin wannan mutum ai ba ka iya ce masa a'a. An tura shi kwas na wata huɗu, yana so in riƙe masa karensa.

Kare fa! A gidanmu, inda mahaifiyata ko haushin kare ta jiyo daga nesa sai ta yi a'uziyya. Da ƙyar da jiɓin goshi na shawo kanta, bisa sharaɗin zai zauna can bayan gida, ba zai kusanci buta ko kwano ba.

Ni a tunanina, me kare yake nema a duniya? Tuwo da inuwa. Na ɗaure shi a gindin mangwaro, safe da yamma ina zuba masa abinci, har ƙashi nake karɓo masa wurin mahauta. Ni kaina ban samu wannan gatan ba. Amma ɗan banzan nan ko kwana uku bai yi ba ya fara kuka tun safe har la'asar. Ya haƙa rami kamar mai neman ruwa. Ya tsinke igiya, ya tumɓuke zogalen mahaifiyata, ya tauna takalmina na zuwa Juma'a, ƙafa ɗaya tak. Da ya haɗa duka biyun ma da raina bai ɓaci haka ba.

Mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ban manta alherin da yaron nan ya yi mana ba. Amma na ba ka kwana bakwai. In dabbar nan ba ta yi shiru ba, ka kai wa mafarauta."

In mafarauta suka shiga daji da kare, ai sai dai labari. Da wane ido zan kalli abokina?

Na garzaya wurin likitan dabbobi, na ce ya taimake ni da maganin hauka. Ya ce, "Malam, sau nawa kake fita da shi a rana?"

Na ce, "Fita? Zuwa ina? Biki aka gayyace shi?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Ba ciwo ke damunsa ba, zama ne. Irin wannan mai jini a jika, in bai yi tafiyar awa guda ko fiye a kullum ba, kai zai haukata. Ka raba biyu, da sanyin safiya da sanyin yamma."

To fa. Ni, malamin makaranta, in ja kare da igiya in wuce ta gaban majalisar dattawan unguwarmu? Ɗalibaina su gan ni? Haba! Sai na yi dabara irin tamu ta 'yan boko. Na ce in tafiyar awa guda yake buƙata, gudun minti goma ai ya wadatar. Na ɗaure igiyarsa a bayan babur ɗina, na ba shi wuta, da niyyar mu wuce fuu kafin kowa ya gane ni.

Da farko abin gwanin sha'awa, yana gudu kunnuwa a miƙe, ni kuma ina yaba wa kaina basira. Sai ga akuya ta gitta. Kare ya yi hagu, babur ya yi dama, ni kuma na yi cikin kwata, tsamo-tsamo. A ina? Daidai gaban majalisar da nake gudu. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Sannu Malam. Wai kai ke jan karen ne, ko shi ke jan ka?"

Na koma gida ina ɗingishi, ga saura kwana huɗu. Kunyar da nake gudu kuma na riga na sha ta har na ƙoshi. Washegari da na dawo sallar asuba na sa wata tsohuwar riga da na ware don wannan aiki, wadda nake ratayewa a ƙusa a waje don kada ta haɗu da kayan sallata. Muka kama hanyar gonaki a ƙafa. Bayan la'asar muka sake. 'Yan majalisa suna ta "Barka da farauta, Sarkin Dawa!" ni kuma ina haɗiye takaici ina amsawa.

Ran na bakwai mahaifiyata ta ji gidan tsit, ta zagayo baya. Ta tarar da shi shame-shame a gindin mangwaro.

Ta ce, "Innalillahi! Mutuwa ya yi?"

Na ce, "A'a Inna, gajiya ya yi."

Ta dube shi, ta dube ni ina jingine da bango ina matsa ƙafafuna. Ta ce, "To madalla. Ku ci gaba da gajiyar da juna." Ba ta sake zancen mafarauta ba.

Da abokina ya dawo, kare ya yi ta tsalle a kansa. Na zayyana masa duk wahalar da na sha, sai cewa ya yi, "Au, ban gaya maka ba? Ai kullum da shi nake zuwa gonata a ƙafa." Wai ban gaya maka ba! Wallahi ba don jinin nan da ya bayar ba, da ranar mun raba gari.

Na dai koyi cewa cika wa dabba ciki bai sauke haƙƙinta ba. Abin da na ɗauka gata ne, shi a wurinsa kurkuku ne. Amanar abokina ta koma hannunsa lafiya, wannan kam na gode Allah. Amma har yau Sarkin Dawa ake kirana a unguwa. Takalmin nan mai ƙafa ɗaya kuwa yana nan na adana, duk wanda ya zo mini da zancen ajiyar dabba, shi nake ɗauko masa.