Famfon Da Yaya Ya Ƙi Gyarawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, Allah ya karɓi ran yayana, mai gyaran famfo, bayan gajeriyar jinya. Har yau ban yi kuka ba. Mutane na shigowa suna yi mini gaisuwa, ina amsawa, amma ji nake kamar da wata suke magana.

Yaya, ka gyara famfon rabin unguwa, na zawarawa da tsofaffi ko a tsakar rana aka kira ka sai ka je. Amma na bayan ɗakinka ka bar shi yana ɗiga. Matarka ta yi mita har ta gaji. Ni ma na sha tsokanarka, ina cewa, "Mai gyara, naka fa?" Sai ka yi dariya ka ce, "Ƙanwata, wannan ba lalacewa ya yi ba, na baƙi ne."

Baƙin naka farkon damina suke cika gidan. Inda ruwan ke taruwa, malam-buɗe-littafi farare da rawaya sukan sauka a kan laka suna sha. Mazari ya tsaya cak a kan bakin bokiti. Kurciyoyi su zo, tsattsewa ta ɗebi laka ta tafi ginin sheƙa. Kai kuwa kana tsugune, shayinka na hucewa. Lokacin da aurena ya mutu na dawo gidanka, ba ka tambaye ni komai ba. Kujera ka ajiye mini a wurin, ka ce, "Zauna, kar ki motsa, za su saba da ke." Haka na warke.

Kashegarin rasuwarka, abokin aikinka ya zo alwala, ya ga famfon na zuba. Ya koma ya ɗauko kayan aiki ya gyara shi tsaf, yana share hawaye. Alheri ya yi niyya. Ina tsaye ina kallo, ban hana shi ba. Har godiya na yi masa.

Lakar ta bushe. Jiya mazari ɗaya ya zo, ya kewaya, ya tafi.

Yau da safe na je na murɗa kan famfon. In na buɗe ya yi yawa, in na rage ya ɗauke. Ban iya irin ɗigon naka ba, Yaya. Ina cikin fama matarka ta leƙo, na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ƙara kaɗan. Ba haka ƙararsa take ba."

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka shayar da ƙananan halittunsa, ya shayar da kai ruwan Aljanna. Matarka da 'ya'yanka da mu duka, Allah ya ba mu haƙuri. Amin.